Faifan da Babu Waƙa a Cikinsa

A 1997 reshen kamfanin Mercury da ke Nashville ya fitar da wani faifai mai suna Hot Wired, na wani makaɗin jita da ake kira Brent Mason. Kiɗa ne zalla, ba mawaƙi. A garin da waƙa ce jari, inda marubuta waƙa suke da ofisoshi, su shiga da safe su tashi da yamma, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne. A lokacin ina tuƙa tasi a garin, kuma ta wannan faifan ne na fara jin mutanen da ke tsaye a bayan muryoyin da na tashi ina saurare.

Waƙoƙin kantiri ba baƙi ba ne a gidanmu na Kaduna. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ma'aikacin reluwe ne, kuma yana da rikoda mai cin batir shida wadda ba mai taɓa masa ita. Ranar Lahadi da hantsi, bayan ya wanke kekensa, sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ya sa Jim Reeves ko Don Williams, wani lokaci Kenny Rogers ko Dolly Parton. Da la'asar kuma Shata ne ko Ɗan Maraya. Bai taɓa ganin wani saɓani tsakanin na safe da na yamma ba. Turancinsa na aiki ne, amma yakan ce Don Williams mutum ne mai natsuwa, ba ya ihu, kana jin kowace kalma, kuma labari yake bayarwa. Wannan ya ishe shi.

Kasakasan nan duk na kwafi ne, daga kasuwa. A jikin kwalin akwai hoton mawaƙi da hularsa, a baya jerin sunayen waƙoƙi, sau da yawa da kuskuren rubutu. Ba sunan wanda ya kaɗa jita, ba na mai ganga, ba na mai fiyano. Mu a ganinmu Don Williams ne yake yin komai, tunda ga shi nan a hoto rungume da jita.

Da Amurka ta fara bayar da biza ta hanyar ƙuri'a a tsakiyar shekarun 1990, sunana ya fito. Na zaɓi Nashville ne saboda akwai ɗan unguwarmu a can da ya yi alkawarin ba ni wurin kwana, ba don kiɗa ba. Shi ya haɗa ni da masu tasi, waɗanda yawancinsu Somaliyawa ne da Habashawa da Kurdawa. Ranar Juma'a mukan haɗu a masallacin da ke kan titi na 12 ta kudu, a ajiye motoci jere, a idar a koma nema.

Direban tasi yana koyon gari ta bakin fasinjojinsa. Na fi ɗaukar mutane daga filin jirgi zuwa unguwar da suke kira Music Row, wato titi na 16 da na 17, inda tsofaffin gidajen zama suka koma situdiyo da ofisoshin kamfanonin waƙa. Daga waje ba abin da zai nuna maka cewa a cikin wancan gidan mai ɗan lambu ake naɗar abin da duniya za ta saya. A hankali na gane tsarin aikin. Ƙungiyar makaɗa ce ta tsara zaman naɗi ya zama awa uku: wani ya fara da ƙarfe goma na safe, wani ƙarfe biyu, wani ƙarfe shida. Tsakanin zama da zama sai ka ga motocin dako suna kwashe akwatunan kayan makaɗa daga wannan situdiyo zuwa wancan, domin manyan makaɗa ba sa ɗaukar kayansu da kansu. Mawaƙi yana da 'yan kiɗansa da yake yawo da su gari-gari, amma in an zo naɗar faifai sai furodusa ya kira wasu daban, 'yan ƙalilan da kowa yake kira. Ba a ba su waƙar tun jiya su je su yi bita. A nan take za a sa musu ita su ji, su rubuta tafiyarta da lambobi daga 1 zuwa 7 a kan takarda, su ɗauki kayan kiɗa. Amfanin lambobin shi ne, in mawaƙi ya ce sautin ya yi masa sama a sauke, takardar ba ta canzawa. Wani mawaƙin amshi mai suna Neal Matthews, na ƙungiyar Jordanaires, shi ya ƙirƙiro wannan dabara a ƙarshen shekarun 1950.

Sunan Mason na fara jin sa ne daga bakin wani saurayi mai taimaka wa injiniyan sauti, wanda motarsa ta lalace ya tare ni. Rediyo na kunne, aka sako Chattahoochee ta Alan Jackson, waƙar da ta cika gari tun 1993. Kafin Jackson ya buɗe baki akwai wani ɗan kiɗan jita mai tsalle da ke buɗe waƙar, wanda kowa a Tennessee zai iya yi maka da baki. Saurayin ya nuna rediyon ya ce wannan Brent Mason ne. Ya ce in bar tashar a inda take, akwai yiwuwar waƙa ta gaba ma shi ne, da ta bayanta. Na ɗauka cika baki ne irin na 'yan sana'a. Da zai sauka ya ce mutumin ya fitar da faifan kansa, in nema.

Ba cika baki ba ne. A shekarun nan hannun Mason yana cikin faya-fayan Alan Jackson, da Brooks & Dunn, da George Strait, da Shania Twain, da wasu da ba su ƙirguwa. An haife shi a 1959 a Van Wert, wani ƙaramin gari a jihar Ohio, kuma da kunne ya koyi jita tun yana ɗan yaro, yana bin faya-fayan gidansu. Da ya gama sakandare ya nufi Nashville, ya samu gurbi a ƙungiyar Don Kelley mai kiɗa a wata mashaya da ake kira Stagecoach. A nan Chet Atkins ya ji shi. Atkins shi ne babban dattijon jita na garin, kuma ya daɗe yana riƙe da ragamar kamfanin RCA a Nashville. Ya gayyaci Mason ya yi kiɗa a faifansa mai suna Stay Tuned na 1985, daga nan ƙofofi suka buɗe. A shekarar da Hot Wired ya fito, ƙungiyar masu kiɗan kantiri ta CMA ta zaɓe shi makaɗin shekara, ta sake zaɓensa a 1998.

Na sayi faifan, na sa a mota cikin dare lokacin da fasinja ya yi wuya. Kiɗan farko, wanda faifan ya ci sunansa, bai ba ni damar shiri ba. Gudu ne tun daga tashi. Amma ba gudun ne ya kama ni ba, domin masu gudu a kan jita suna da yawa, kuma yawancinsu in sun yi sauri sai sautukan su cakuɗe su zama hayaniya. Shi kowane sauti yana fita shi kaɗai, da bakinsa da ƙarshensa, wasu a buɗe suna ƙara, wasu a toshe suna ƙwas-ƙwas tsakanin na buɗen. Sai ka rantse mutum biyu ne. Na mayar da shi baya na sake ji, na sake.

Daga baya, ta hanyar tambayar fasinjoji masu ɗauke da akwatin jita, na gane yadda ake yi. Yawancin makaɗan jitar lantarki suna riƙe wani ɗan roba tsakanin yatsu biyu su riƙa kaɗa tsirkiya da shi sama da ƙasa. Mason zoben roba mai baki yake sawa a babban yatsa, sauran yatsun su zauna a sake. Wasu daga cikinsu ya ƙara musu farcen roba irin na shagon gyaran farce, domin farcen da Allah ya ba mutum ba ya jure wayar ƙarfe daga safe zuwa dare. Babban yatsa ya buga ƙasa, na tsakiya ya fizgo tsirkiya sama ya sake ta ta mari wuyan jitar. Wannan marin shi ne ƙwas ɗin da nake ji. Da yake yatsu uku ko huɗu ne suke aiki maimakon roba ɗaya, yana iya tsallake tsirkiya ba tare da ɓata lokaci ba, yana iya fizgo biyu a tare, yana kuma cusa tsirkiyoyin da bai danna ba a tsakiyar gudu, su ci gaba da amo yayin da hannun hagu ya riga ya wuce wani wuri. Salon ya samo asali daga Merle Travis da Chet Atkins da Jerry Reed, kuma Mason bai taɓa ɓoye cewa Reed ne ya fi tasiri a kansa ba. Abin da ya ƙara shi ne abin da ya kwaso daga makaɗan jaz irin su George Benson da Pat Martino. Shi ya sa a tsakiyar kiɗan ƙauye sai ka ji ya ratse ta wata hanya da kunne bai zata ba, ka ce ya ɓace, sai ga shi ya dawo daidai kan bugun ganga.

Ita kanta jitar tana da labari. Telecaster ce ta kamfanin Fender ƙirar 1967, tsohuwa, launin toka, fentin share fage irin wanda ake fesa wa mota kafin a sa mata fenti na gaske. Telecaster tana zuwa da maganaɗisun ɗaukar sauti biyu. Tasa uku gare ta, da maɓallin da yake shigo da na tsakiyan gwargwadon yadda yake so, don jita ɗaya ta yi masa muryoyi da yawa ba sai ya riƙa sauyawa a tsakiyar zama ba. A cikin cikinta kuma akwai wani ƙarfe da wani maƙerin jita na Nashville, Joe Glaser, ya dasa, wanda aka haɗa da maratayin kafaɗa. In ya danna wuyan jitar ƙasa, ƙarfen sai ya ja tsirkiya ta biyu ta hau sama, sauran su tsaya inda suke. Da haka yake kwaikwayon kukan jitar kwance, wadda ake kaɗawa a zaune da sandar ƙarfe da matakan ƙafa, wadda ita ce take sa waƙar kantiri ta yi kamar tana hawaye. Gene Parsons da Clarence White na ƙungiyar Byrds ne suka fara wannan dabara a ƙarshen shekarun 1960.

Ba duk faifan nake so ba. Akwai kiɗa biyu ko uku masu santsi, masu karkata wajen jaz mai sanyi irin wanda ake sakawa a zauren otal, kuma har yau tsallake su nake yi. Ina ganin dalilinsu. Mutumin da ya shekara goma yana yi wa wasu aiki, ana ba shi daƙiƙa goma sha biyar a tsakiyar waƙa a ce ya yi abin da zai yi ya kauce, in ya samu fili sai ya so ya nuna duk abin da ya iya, har da wanda ba a tambaye shi ba. Inda faifan ya fi ƙarfi shi ne inda ya tsaya a gida: Blowin' Smoke mai tafiyar taƙama, da First Rule of Thumb inda babban yatsa yake riƙe da bugu sauran suna zuba zance a kansa.

Sai kuma Sugarfoot Rag, wanda ba nasa ba ne. Hank Garland ne ya naɗe shi a 1949 yana saurayi bai kai ashirin ba, ya kuma zama ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan ɗin da kowane furodusa yake kira a shekarun 1950, tare da su Grady Martin da Bob Moore da Floyd Cramer da Buddy Harman. Hatsarin mota a 1961 ya raba shi da sana'ar yana kan ganiyarsa. Sa wannan kiɗan a faifai gaisuwa ce ga wanda ya riga shi zama a kujerar. Da na bi diddigi sai na tarar Garland ne ya kaɗa jita a He'll Have to Go ta Jim Reeves, wadda aka naɗa a 1959, kuma Chet Atkins ne furodusanta. Waƙar nan na ji ta a zauren Kawu har na haddace ta ban san ma'anarta ba.

Da na je gida hutu na kwafe faifan a kaset na kai masa, tunda rikodarsa ba ta san wani abu sidi ba. Ya yi ritaya a lokacin. Ya sa, ya jingina da bango, ya saurara har kiɗan farko ya kai rabi.

"To, yaushe mai waƙar zai shigo?"

"Ai babu mai waƙa, Kawu. Haka zai yi ta yi har ƙarshe."

Ya ƙara saurarawa. Can ya ce, "Hannu kam akwai hannu. Amma wa yake yi wa?"

Na yi dariya, shi bai yi ba, kuma tambayar ba ta dariya ba ce. A wurinmu kiɗa ko babu waƙa yana da mai shi, kuma yana da abin da yake faɗa. Kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, tambari da kakaki da algaita na sarauta. In makaɗi ya saki take, wanda ya sani ya san sunan wa ake kira da abin da ake ce masa, mai taken kuma tsikar jikinsa ta tashi. Kiɗan da ba ya kiran kowa, ba ya faɗin komai, a kunnen Kawu aiki ne da ba a gama ba. Na ce masa makaɗa 'yan uwansa yake yi wa. Ya ce to makaɗi ya yi wa makaɗi kiɗa, wa zai yi wa wani kari? Da na gaya masa cewa wannan mutumin shi ne yake tsaye bayan manyan mawaƙan ƙasar, sai hankalinsa ya kwanta. Ya ce ashe yana da iyayen gida, wannan hutu ya ɗauka. Ya nemi in bar masa kaset ɗin saboda My Little Ballerina, mai sanyin nan da ke can wajen ƙarshe, wanda ya ce shi kaɗai ne yake jin kamar akwai magana a cikinsa.

Maganar kari ita ce ta faru. Faifai a Amurka ba ya sayuwa sai mai shi ya bi shi gari-gari a bas, wata da watanni, yana kiɗa a gaban jama'a yana zagaya gidajen rediyo, su kuma gidajen rediyon kantiri ba su da gurbin kiɗan da ba murya. Mason ya duba ya ga cewa in ya hau hanya zai bar iyalinsa, zai kuma bar kujerar situdiyo wadda wani zai zauna a kai kafin ya dawo. Ya rabu da Mercury ya koma zaman ƙarfe goma da biyu da shida. Hot Wired shi ne faifansa ɗaya tilo a babban kamfani. Na sha jin fasinjoji suna cewa ya yi asara, ya ƙi zama tauraro. Ni da nake kwana a kan titi don neman abinci ban taɓa ganin asarar ba. Makaɗan sahun gaba ninkin kuɗin da ƙungiya ta ƙayyade ake biyan su, kuma a gadonsu suke kwana. Sai a 2006 ya sake fitar da wani faifan, Smokin' Section, tare da ɗan uwansa Randy mai kaɗa ganga. A 2008 Brad Paisley ya tara shi da James Burton da Vince Gill da Albert Lee da John Jorgenson da Redd Volkaert da Steve Wariner a kiɗa ɗaya mai suna Cluster Pluck, kowa ya karɓi nasa zagayen, kuma wannan ya ci kyautar Grammy a shekarar da ta biyo.

Waɗanda aka yi wa faifan kuwa na ɗauke su da yawa. A tashar bas ta Greyhound nake samun su, samari daga Ohio da Texas da Kanada, jaka ɗaya a kafaɗa, akwatin jita a hannu, ba sa yarda a sa shi a but. Kusan duk Broadway suke cewa a kai su. A lokacin titin yana farfaɗowa ne bayan shekarun lalacewa: an sake buɗe zauren Ryman a 1994, mashayu suna dawowa, a ciki har da Robert's, shagon da ake sayar da takalman kaboyi a gefe ɗaya ana kiɗa a ɗaya gefen. A nan ƙungiyar Don Kelley ta koma. Ni ba na shiga, amma dandamalin yana jikin taga ne, mai jiran fasinja a bakin titi yana jin komai. Kujerar jita ta wannan ƙungiya, wadda Mason ya taɓa zama a kai, ita kowane ɗayansu yake hari. In na sa Hot Wired a mota sai in ga yatsunsu suna motsi a kan gwiwa, sun haddace shi sauti bayan sauti, wasu sun rage masa gudu a na'ura sun yi wata da watanni suna bi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka samu kujerar shi ne Johnny Hiland, ɗan jihar Maine mai larurar gani tun haihuwa, wanda ya iso garin a 1996 ya kuma fitar da faifansa na farko a 2004 a kamfanin Steve Vai. Sauran da yawa kiɗan tulun kari suka ƙare da shi, awa huɗu a dandamali, abin da jama'a suka jefa a raba. Wasu sun samu shiga bas ɗin wani mawaƙi. Akwai wanda na sauke a Broadway da akwatinsa, bayan shekara biyu na same shi a layin tasi na filin jirgi, motarsa tana bayan tawa, jitar tana kujerar gaba yana bita kafin layi ya zo kansa. Ya ce har yanzu akwai wani wuri a tsakiyar Hot Wired da bai gano da wane yatsa aka fizgo shi ba.